Shekara Biyar a Jami'a Don Ka Dawo Dillali?

Babu wani kwas a littafin JAMB da ake kira harkar filaye. Aikin da muke gani da ido a ƙauye guda ɗaya ne: a sayi gona, a yanka ta, a fitar da hanya, a sayar ko a gina. Amma a jami'a an raba shi gida-gida, kowane gida da kwas ɗinsa, da darussan da yake nema a jarrabawa, da hukumar da ke ba wa mutanensa izinin aiki. Da na gama sakandare na ce ni aikin fili zan yi, ban san da wannan rabon ba, kuma babu wanda ya san da shi a gidanmu.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Gezawa. Duk mai bin titin Haɗeja ya san yadda birni ke tahowa wajenmu. Daga Yankaba ka wuce Tokarawa da Gunduwawa har ka doshi Jogana, gonakin da muka taso muna ganin gero da dawa da gyaɗa a cikinsu sun koma fulotai, an kafa musu bulo biyu-biyu a kusurwa. Mafi yawansu awon igiya ne. Mai gona ya matsu, ko magada sun ƙosa a raba, sai dillali ya kawo mai saye, a zo da igiya da tef a yanka hamsin-hamsin, a bar ɗan lungun da motar yashi ba ta iya juyawa a ciki. Ba wurin kwata, ba filin makaranta, ba na maƙabarta. Shekara kaɗan gidaje su cika, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Ga kuma fulotin da ake sayar wa mutum biyu, a yi ta zarya tsakanin gidan dagaci da kotu. Ina ganin wannan tun ina aji ɗaya na babbar sakandare, raina yana ba ni cewa dole akwai masu karatun yadda ake yin abin nan daidai.

Baba ya so in yi likita ko injiniya, kamar kowane uba. Da na faɗa masa abin da nake so, sai da ya gama alwala sannan ya ce, "Kai yanzu sai ka yi shekara biyar a jami'a don ka dawo dillali? Ai ga su can gindin darbejiya, wasu ko firamare ba su ƙarasa ba, kuma motoci suke hawa." Ban iya ba shi amsa ba, don a lokacin ni ma ban san bambancin ba. Baffa ne ya raba gardamar. Ya ce yana da aboki da ya yi ritaya daga aikin safiyo a gwamnati, in je in gaishe shi in ji ta bakinsa, in ya so abin da ya ce sai a duba.

Dattijon bai tambaye ni wace jami'a nake so ba. Bayan mun gaisa ya tambayi su Baffa da amfanin gona, sai ya ce, "Ɗana, a aikin nan takardu uku ne manya. Wacce kake so sa hannunka ya zama hujja a kanta?" Ya shiga ɗaki ya fito da tsofaffin takardu ya baje a tabarma.

Ta farko taswirar awo ce, wadda ke nuna ainihin inda fili yake a doron ƙasa, da tsawon kowane gefe, da lambobin turakun siminti da aka kafa a kusurwoyinsa. Wannan aikin safiyo ne, kuma babu mai ikon sa mata hannu sai wanda hukumar SURCON ta yi wa rajista, hukumar da aka kafa da dokar soja ta 1989. Karatun lissafi ne da fiziks zalla, sai yawon daji da na'ura mai ƙafa uku a kafaɗa. Yanzu an ƙara da na'urorin da ke karɓar bayani daga tauraron ɗan'adam da jirage marasa matuƙi da aikin taswira a kwamfuta. Ya ba ni labarin malaman taki na zamanin Turawa, waɗanda ke auna gona da takun ƙafa don a yanka mata haraji, ya ce 'yan igiyarmu na yau ba su yi nisa da su sosai ba.

Ta biyu zanen shimfiɗar unguwa ne: ga tituna da faɗinsu, ga magudanan ruwa, ga inda makaranta da masallaci da kasuwa za su zauna, ga fulotan zama. Wannan na mai tsara birane ne, hukumarsu TOPREC, ta 1988. A Kano irin wannan zanen sai ya bi ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kafin ya zama halattacce.

Ta uku ba zane ba ce, rahoto ne mai shafuka, ƙarshensa adadin kuɗi da hatimi. Rahoton ƙiyasin darajar kadara. Shi banki ke nema kafin ya karɓi gida a matsayin jingina, shi ake kai wa kotu idan rabon gado ya yi tsami aka ce a yi wa gida ko gona kuɗi, shi ake yi idan gwamnati za ta karɓi fili ta biya diyya. Masu yin sa su ne waɗanda suka karanta kula da kadarori da ƙiyasta darajarsu, kwas ɗin da ɗalibai ke ce wa istet a taƙaice. Hukumarsu ESVARBON, an kafa ta a 1975, ƙungiyarsu kuma NIESV tun 1969. Mai zanen gini da injiniya da mai ƙididdigar kayan gini suna shigowa ne bayan waɗannan ukun sun gama nasu, lauya kuma yana tare da kowa daga farko har ƙarshe.

A zaman nan ne na fara jin labarin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, kuma har yau tana nan a liƙe a cikin tsarin mulki. Dokar ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana saboda jama'a. Abin da muke saye da sayarwa, a idon doka, haƙƙin zama ne a kan ƙasar. A yankin da aka ayyana birni ne, gwamna ke ba da wannan haƙƙi, da takardar shaidar mallaka wadda ta gidan zama kan kai shekara 99. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙi na gargajiya, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo, fiye da haka sai da yardar gwamna. Gwamna kuma yana da ikon ya ayyana ƙauye irin namu ya zama cikin birni. Takardar da ake rubutawa a gaban mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, shaidar ciniki ce, amma ba ita ce shaidar mallakar gwamnati ba. Abin da ya fi girgiza ni shi ne batun diyya. Idan gwamnati ta soke haƙƙinka saboda aikin jama'a, abin da doka ta ce a biya ka shi ne abin da ka ɗora a kan ƙasar, wato gini da rijiya da shuka da itatuwa, ba tsurar ƙasar ba. Shi ya sa idan za a fitar da titi ake ganin mutane da littafi suna ƙirga ɗorawa da mangwaro da kuka da tsamiya. Na sha ganin irin wannan ƙirgar, ban taɓa sanin cewa karatu ne guda ba.

Daga nan ya ɗauki biro ya yi mini wani lissafi a bayan takarda, kuma wannan lissafin ne ya yanke mini shawara. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai mita 15 da mita 30 yana cin 450. In ka raba kai tsaye za ka sami 22. Amma a misalinsa, idan tituna da magudanai da filin jama'a suka ɗauke kashi ɗaya cikin uku, abin da zai rage kusan fuloti 15 ne. Wannan giɓin na fuloti bakwai shi ne dalilin awon igiya, ba jahilci ba ne kawai kamar yadda na ɗauka. Dillali ya iya lissafinsa sarai, ya san duk ƙafa ɗaya da ya bari ta hanya kuɗi ne ya fita daga aljihunsa. Don haka wa'azi ba zai hana shi ba. Abin da zai sa mai kuɗi ya yi shimfiɗa ta gaskiya shi ne a nuna masa a takarda cewa fuloti 15 masu titi da kwata da takardar gwamnati za su iya kawo abin da ya kai ko ya fi na 22 marasa komai. Masu ƙiyasi suna da hanyar yin haka. Su fara daga ƙarshe: nawa za a samu idan an sayar da komai bayan an gama aiki? Sai a cire kuɗin awo da zane da takardu da titi da magudana, a cire ladan masu aiki da kuɗin da jiran lokaci zai ci, a cire ribar mai jari. Abin da ya rage shi ne iyakar abin da ya kamata a sayi gonar. Wanda ya saya sama da haka, ko dai ya yi asara ko ya matse hanya.

Na dawo gida na yi ta juya maganar. Safiyo ya burge ni, kuma har gobe ina ganin ga wanda lissafi da fiziks suka zauna masa, kuma ba ya gudun rana, babu sana'ar da ta fi ta saurin tsayawa da ƙafarta a cikin ukun, don duk mai neman takardar fili sai ya bi ta hannunsa. Tsara birane shi ya fi kusa da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, lungunan nan da ruwan damina. Sai dai yawancin aikinsa a hannun gwamnati yake, kuma mai tsarawa yana iya zana unguwa mai kyau ta ƙare a cikin durowa. A yankinmu masu yanke hukunci a kan gona su ne mai ita da mai kuɗin da zai saya, kuma yaren da su biyun ke ji shi ne na kuɗi. Na zaɓi istet. Da na koma wa Baba, ban ce masa komai a kan dillanci ba. Na tuna masa rabon gadon wani maƙwabcinmu da aka shekara ana ja saboda an kasa daidaitawa a kan kuɗin gona, na ce wanda kotu ke kira ya yanke irin wannan kuɗin shi nake son zama. Ya yi shiru, ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Amma ka nemi kusa."

Sai da kwas ya tabbata sannan na juya kan darussa, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa tun kafin a fara. Kowane kwas yana da haɗin darussa huɗu da JAMB ke nema, Turanci dole ne a cikinsu. Istet yana tafiya da lissafi da ikonomiks, sai na huɗu daga cikin waɗanda aka lissafa. Safiyo ba ya yiwuwa sai da lissafi da fiziks. Tsara birane yana son lissafi da jogirafi. Ban da wannan, kowace jami'a tana da nata ƙarin sharaɗin a kan kiredit biyar na WAEC ko NECO, kuma duk yana rubuce a littafin JAMB da ke intanet, jami'a bayan jami'a. Ni na yi sa'a makarantarmu tana da malamin ikonomiks da na jogirafi. Na san yaran ƙauyukan kusa da mu da suka gama sakandare ba su taɓa zama a ajin fiziks na kirki ba, saboda babu malami. Irin waɗannan an rufe musu ƙofar safiyo tun suna aji ɗaya ba tare da an gaya musu ba. Duk mai ƙani da ke shirin shiga babbar sakandare, yanzu ne lokacin yi masa wannan maganar, ba ranar cike fom ba.

Na sayi littafin rubutu na ware shafi ga kowace makaranta. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna duk suna da kwasa-kwasan nan uku a tsangaya ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don abokan ajinka na yau su ne abokan aikinka na gobe. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, na sa ta a shafin safiyo da tsara birane da zanen gini. Jami'ar Bayero tana da istet da tsara birane da zanen gini da ƙididdigar kayan gini a tsangayarta ta kimiyyar ƙasa da muhalli. Jami'ar Wudil, wadda aka mayar wa suna Aliko Dangote a 2022, tana da tsara birane da zanen gini. Ga mai son safiyo tsantsa akwai tsohuwar makarantar safiyo ta tarayya a garin Oyo. A ɓangaren foliteknik na rubuta ta Kaduna, wadda ta daɗe tana yaye masu wannan aiki, da makarantar nazarin muhalli ta Gwarzo da ke ƙarƙashin foliteknik ta jihar Kano.

Dattijon nan ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: tantancewa iri biyu ce. Akwai ta hukumar jami'o'i, NUC, ko ta NBTE idan foliteknik ce. Akwai kuma ta hukumar sana'ar kanta. Kwas yana iya samun ta farko bai sami ta biyu ba, ka gama digirinka lafiya ƙalau, ka je neman rajista a ce sai ka ƙara wasu jarrabawoyi. Kuma ba abu ne na dindindin ba. Cikakkiyar tantancewar NUC shekara biyar take yi, ta wucin gadi shekara biyu, sannan a sake zuwa. Saboda haka abin da wani ya gani a shekararsa ba hujja ba ne a taka. Na shiga mota na je sabuwar harabar Bayero da ke titin Gwarzo, na nemi sashen, na yi sallama a ofis na yi tambayata. Ban san kowa ba, kuma babu wanda ya kore ni. Amma abin da ya fi amfanata shi ne hirar da na yi da ɗaliban manyan azuzuwa a ƙarƙashin bishiya. Su suka gaya mini yadda ake fita aikin fili, da inda na gaba da su suka yi koyon aiki, da abin da mutum ke kashewa a wata idan ya tsuke bakin aljihu. Yaran ƙauye muna da wata kunya ta shiga ofis, kamar za a ce wa ya aiko ka. Kuɗin motar wannan ziyarar ya fi kuɗin kowace lesin da na biya amfani.

Zuciyata ta so Bauchi, ba zan ɓoye ba. Amma abubuwa suka taru suka rinjayar da Kano. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Kano da Jigawa suna cikinsu. Ɗan Kano a Bayero yana da ƙofa fiye da ɗaya. Sannan ga ciki. Daga gida zan iya ɗaukar garin tuwo da wake da ƙuli da yajin da Inna ta daka, in dawo ranar hutu in kama wa Baba noma idan damina ta faɗi. Na uku shi ne wanda ban ji kowa yana faɗa ba sai dattijon: aikin fili aikin wuri ne. Farashin fuloti a Rijiyar Zaki ko Jogana ba a littafi ake koyon sa ba, kuma yadda fayil ke tafiya a KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, da KNUPDA sai wanda ya yi zarya a can. In a Kano zan yi aiki, gara in yi shekarun karatuna ina sanin kasuwar Kano da mutanenta. Batun yajin aiki ma an tayar da shi a gida, don na ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Amma wannan bai bambanta Kano da Bauchi da Minna ba, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Rajistar JAMB ta 2023 ta faɗo daidai lokacin ƙarancin takardun naira. Baba ya fitar da buhun dawa, mai saye ya ce sai dai tiransifa, Baba kuwa ba shi da asusun banki. Ta asusun Yaya aka bi. Kafin ka je cibiyar rajista sai ka tura lambarka ta NIN zuwa 55019 ko 66019 a ba ka lambar shiga, kuma layin wayar ya zama naka na kanka wanda ba za ka yar ba, don duk saƙon da zai biyo baya ta nan zai zo. A cibiyar na ga abin da ya ba ni tausayi. Yaro ya zo daga ƙauye, mai danna kwamfuta ya tambaye shi kwas, ya ce "duk wanda ya dace", a zaɓa masa a cikin daƙiƙa biyar saboda layi ya yi tsawo. Ni da takardata na je, an rubuta sunan kwas da na jami'a da darussa huɗu, kuma sai da na karanta abin da ke kan allon kafin in ɗora yatsa. Bayero na sa a zaɓin farko, don manyan jami'o'i ba su cika waiwayar wanda ya sa su na biyu ba. A gurbin foliteknik na sa Kaduna, kuma da gaske nake, ba cike gurbi ba. Na riga na gaya wa Baba cewa idan jami'a ba ta samu ba zan yi difloma ta shekara biyu a kwas ɗin, in dawo ta hanyar shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Ya fi mini zaman jiran wata shekarar, ya kuma fi mini karɓar kwas ɗin da ban nema ba don kawai a ce ina jami'a.

Mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa jami'o'i a wannan shekarar shi ne 140 cikin 400, amma wannan lambar tana yaudarar mutane. Ƙasa ce kawai da ba a yarda a sauka ƙarƙashinta ba. Kowace jami'a tana ɗora nata a sama, kowane sashe kuma yana ɗaukar na saman layi har gurbinsa ya cika. Na haura 200, na yi tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB, na koma cibiya aka ɗora sakamakona na sakandare a CAPS, shafin JAMB da ake ba da gurbin karatu ta cikinsa. Wannan matakin na ƙarshe shi ne wanda ake mantawa, kuma wanda bai yi shi ba jami'a ba ta iya tura sunansa ko da makinsa ya kai. Tun 2017 duk gurbin karatu ta CAPS yake bi, wanda aka bayar ta bayan fage ba a san da shi ba, kuma ranar tafiya bautar ƙasa yake tona asirin kansa. A shafin ne kuma ake iya tura maka tayin a mayar da kai wani kwas. Tun kafin lokacin na yanke wa raina cewa in tsara birane ne zan karɓa, in wani abu ne daban zan ƙi.

Jiran ya yi tsawo. Ƙauyenmu sabis sai an hau tudun bayan makarantar firamare, nan nake zuwa da yamma in duba. A tsakanin nan aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista. Da Bauchi na sa, ban san yadda za mu yi ba. Ranar da sunana ya fito da kwas ɗin da na nema, na danna karɓa a nan kan tudun kafin in sauko in gaya wa kowa. Kuɗin rajistar farko haɗa shi aka yi: Baba ya sayar da rago, Baffa da Yaya suka cika. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND bai fara aiki ba sai 2024, waɗanda suka biyo bayanmu sun tarar da shi.

Karatun kansa ya fi faɗin abin da na zata. Shekarar farko kusan duk darussan share fage ne. Daga baya ake shiga dokar ƙasa, da ƙiyasi, da yadda ake gini tun daga tushe har rufi, da zanen fasaha, da akanta, da ɗan abin da ya sawwaƙa na safiyo da tsara gari, don ka iya karanta takardun abokan aikinka ko da ba kai za ka sa musu hannu ba. Wanda ya gudo nan don tsoron lissafi bai tsira ba. Akwai kuma abin da ya dame ni da farko a matsayina na Musulmi: jadawalin ƙiyasi an gina shi ne a kan lissafin kuɗin ruwa mai hauhawa, da shi ake mayar da hayar shekaru masu zuwa ta zama darajar yau. Na kai maganar wurin malaminmu na zaure, ya ce in bambance tsakanin koyon awo da cin riba, kuma in na fara aiki in riƙa tambaya a kan kowace mu'amala da kanta. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma ba sa sayen gida su sayar wa mutum sai an yi masa ƙiyasi.

Digiri ba shi ne hatimi ba. Bayan shekara biyar da bautar ƙasa, sai ka zauna a ƙarƙashin wanda ke da rajista ka yi aiki na wani lokaci, ka bi matakan NIESV, sannan ESVARBON ta sa sunanka a littafinta. Haka abin yake ga safiyo da mai tsara birane a nasu hukumomin. Tun yanzu mutanen garinmu sun fara tare ni a masallaci su ce in zo in yi wa gona kuɗi, sai in ce musu ra'ayi zan iya bayarwa a matsayin ɗa, amma in takardar kotu ko ta banki suke so, ga ofisoshin masu rajista a birni.

Abin da ke gabana shi ne koyon aiki na wata shida da ake fita a aji huɗu. Dattijon ya ce in nemi ma'aikatar ƙasa, don a can zan ga yadda takardar fili ke tafiya daga tebur zuwa tebur har ta isa ga sa hannun gwamna, kuma wanda bai san wannan ba zai yi ta yi wa masu jari alƙawarin lokacin da ba zai cika ba. Manyan ɗalibai kuma sun ce ofishin masu zaman kansu ya fi, don a can za a miƙa maka tef a ce je ka auno gida ka rubuto rahoto. Na rubuta takardar neman wuri zuwa ɓangarorin biyu, Baffa kuma ya ce zai yi wa abokin nasa magana ya raka ni ma'aikatar bayan girbi.